Mai taurin kai ko mai sammako: wace ƙwayar gado zaka sa wa shinkafa don zafi?

Tambayar da ake yawan yi in an zo maganar nan ita ce wai wace ƙwayar gado (wato gene, abin da ke ɗauke da halin da tsiro ke gada daga iyaye) ce tafi ƙarfi wajen sa shinkafa ta jure zafi, kamar dai akwai wani magani ɗaya da za'a ɗura mata kowa ya huta. Ni kuma kullum sai na mayar da tambayar, zafin yaushe? Na rana ko na dare, lokacin da take da ciki, ko lokacin da ta buɗe fure, ko kuma lokacin da take zuba ido? Don wallahi waɗannan ba ciwo ɗaya bane, kuma ƙwayoyin gadon da masana suka tono kawo yanzu kowacce da inda take aiki, in ka ɗauko wadda ba ita ba sai ka kashe shekara huɗu kana auren iri a ƙarshe ka auna amfani kaga yana nan inda ka barshi.

Bari mu tsuguna a gindin shinkafar tukuna, don wanda bai taɓa kallon yadda take fure ba bazai gane rigimar ba. Kowace ƙwaya da kake gani a zangarniya fure ce guda, kuma sau ɗaya tak take buɗe baki, yawanci da hantsi tsakanin ƙarfe 10 da 12, kamar awa ɗaya ta rufe, shikenan an gama da ita. A cikinta akwai 'yan jakunkuna shida rawaya masu ɗauke da garin namiji, daf da buɗewar ne garin yake kumbura ya fasa jakar ya zubo kan macen da ke ƙasa, wata 'yar aba mai kamar gashin tsuntsu. To in zafi ya kai digiri 35 a daidai wannan lokacin, ko na awa ɗaya ne, jakar bata fashewa da kyau, garin da ya sauka bai isa ba, wanda ya sauka ɗin ma ba duka ke tsirowa ba, wannan ƙwayar ta tafi kenan. Ganye kore shar, kara lafiya lau, amma sati biyu uku kaga zangarniya ta miƙe ƙiƙam taƙi sunkuyawa, ka matsa ƙwaya tsakanin yatsu biyu kaji fayau babu komai a ciki. Tun 1978 Satake da Yoshida suka nuna wannan a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, kuma tun a lokacin aka gane hanya biyu ce mafita: ko furen ya zama mai taurin kai ya fasa jakarsa duk da zafin, ko kuma yayi sammako ya gama aikinsa kafin rana ta take.

Mai taurin kan da kowa ya sani ita ce N22, wato Nagina 22, wata tsohuwar shinkafar Indiya daga dangin da ake kira aus. A wani gwaji da Jagadish da abokan aikinsa suka fitar a 2010, an gasa iri uku a digiri 38 lokacin fure, N22 ta riƙe kashi 71 cikin 100 na ƙwayarta, IR64, wata shinkafar da IRRI ta fitar, ta riƙe 48, ita kuwa Moroberekan ta Gini 18 kacal. Dubi wannan da kyau fa, Moroberekan daga ƙasa mai zafi ta fito amma ita ce ta fi kowa faɗuwa, don haka maganar cewa ai irin wuri mai zafi dole ya jure zafi bata tsaya ba. Da aka aura N22 da IR64 aka bi 'ya'yan da jikokin, sai aka gano wani yanki a kuromosom (wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai) na 4, cikin 12 da shinkafa ke dasu, aka sa masa suna qHTSF4.1, kuma da aka ɗauke shi shi kaɗai aka dasa a IR64 sai ƙwaya mai ido ta ƙaru da kamar kashi 15 a cikin zafi.

Kashi 15 ɗin nan shi ne alherinsa shi ne kuma iyakarsa. Ba ƙaramin abu bane, amma ai kaga bai kai IR64 matsayin N22 ba, ma'ana taurin kan N22 a warwatse yake a wurare da yawa, kowanne da ɗan abin da yake sawa, wannan na kuromosom 4 shi ne dai wanda aka iya kamawa aka riƙe. Kuma N22 ita kanta ba shinkafar da manomi zai yi marmari bace, doguwa ce, amfaninta kaɗan, ƙwayar gajera, don haka in ka aura ta da irinka dole kayi ta maida 'ya'yan kan irin naka sau uku sau huɗu kana duba alamar DNA kana zubar da sauran tarkacen da ta zo dasu. Wani abin kuma, wannan yankin mai ɓuya ne, sai tsiro ya gaje shi daga uwa da uba duka sannan yake nuna kansa, wanda ke aikin irin haibirid, da ake samu daga auren layi biyu, yasan abin da hakan ke nufi, layi biyu zaka gyara ba ɗaya ba.

Mai sammako kuwa labarinsa daban. Masu bincike na Japan, su Ishimaru da Hirabayashi, suka lura wata shinkafar daji mai suna Oryza officinalis da sassafe take buɗe fure, suka yi ta fama har suka shigo da halin cikin shinkafar gida, a 2015 suka bayyana yankin da ke ɗauke dashi a kuromosom na 3, qEMF3. Da aka sa shi a IR64 da wata ta Sin mai suna Nanjing 11 sai lokacin buɗe fure ya matso gaba da awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Awa biyu da safe kuwa ba wasa bane, a wurare da yawa tsakanin ƙarfe 9 da 11 ma'aunin zafi zai iya hawa digiri uku ko huɗu, wato daga inda furen ke numfashi lafiya zuwa inda jakarsa ke ƙin fashewa. Abin da ya sa nake son wannan shi ne bai nemi tsiron ya zama jarumi ba, agogonsa kawai aka taɓa, kuma in garin ya riga ya sauka ya tsiro aka samu ciki, zafin da zai zo bayan awa ɗaya ko biyu ɓarnarsa kaɗan ce. Ga shi kuma halin da ido ke gani ne, ka fito da safe da agogo da alƙalamin maka kana ɗiga wa duk furen da ya buɗe alama, cikin kwana kaɗan ka san ko layinka ya gaji halin ko bai gada ba, ba sai kana da ɗakin gasa tsirrai mai tsada ba. Shi kuwa qHTSF4.1 in ba ka da inda zaka riƙe digiri 38 daram na awa shida, gwada shi wahala ne, don a fili yau zafi gobe hadari, layin da ya yi fure ranar Talata da wanda ya yi ranar Juma'a ba jarabawa ɗaya suka zauna ba.

Amma fa in kayi sammako wani a tafe ya kwana. Akwai wuraren da kafin ƙarfe 9 ma an riga an haura 35, a nan qEMF3 bai da abin yi, furen zai buɗe ya tarar da zafin na jiransa. Kuma bai san komai ba game da zafin lokacin ciki, wato kamar kwana 10 zuwa 12 kafin zangarniya ta fito, sa'ilin da garin namijin ke haɗuwa a cikin kube. In zafi ya lalata garin tun a can, ko da asuba furen ya buɗe fanko zai zubar.

Yanzu ga abin da yawanci ake mantawa dashi wajen zaɓe tsakanin biyun nan, laima, wato damshin iska. Zafin da ke kashe fure ba wanda gidan rediyo ke faɗa bane, zafin jikin zangarniyar ne, ita kuma zufa take yi ta sanyaya kanta kamar yadda tulu ke sanyaya ruwa. A yankin Riverina na Ostireliya ana haura digiri 40 lokacin fure amma shinkafa na yin ido, wani masani ɗan Japan mai suna Matsui ya je ya auna ya tarar zangarniya na ƙasa da iska da wajen digiri 6, saboda iskar busasshiya ce kuma tana kaɗawa. Julia da Dingkuhn a 2013 suka gwada a Senegal da Filifin da kudancin Faransa, suka samu zangarniya na iya zama ƙasa da iska da digiri 9.5 ko kuma sama da ita da digiri 2, har ta kai a Filifin mai laima zangarniyar tafi zafi akan ta Senegal a tsakiyar bazara, alhali iskar Senegal ɗin ce tafi ƙuna. Ma'ana a wuri mai laima da kwanciyar iska digiri 34 ma haɗari ne, a busasshen wuri mai isasshen ruwa kuwa tsiron na kare kansa da kansa. To amma sharaɗin shi ne ruwa, ranar da ruwa ya yanke ganye ya rufe ƙofofinsa zufa ta tsaya, wannan kariyar ta tafi, kuma a nan ne N22 ke da wani abin alfaharin don ita dama an santa da jure fari. Kar kuma a ce busasshiyar iska kullum abokiya ce, a watan Afrilun 2021 wata zazzafar busasshiyar iska ta 'yan awoyi ta bi ta kan shinkafar rani da ake kira boro a Bangaladash tana tsakiyar fure, hekta dubun dubata suka koma ƙaiƙayi.

Sai mu zo kan waɗanda suka fi yin suna a jaridu, dangin TT na ɗakin binciken Lin Hongxuan a Shanghai. TT1 ya fito a 2015, kuma daga shinkafar Afirka aka samo shi, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa wajen shekara 3,000 da suka wuce a yankin kogin Neja, daga wani iri mai suna CG14, shi ne dai wanda masani Monty Jones ya aura da shinkafar Asiya ya fitar da NERICA ta farko, wato sabuwar shinkafar da aka yi wa Afirka. Aikin TT1 kamar na mai kwashe shara ne, zafi na dafa furotin ɗin cikin tsiro su lalace su taru su zama guba, shi kuma wani sashe ne na injin da ke niƙe lalatattun, samfurin CG14 ya fi saurin kwashewa. TT3 ya biyo baya a 2022, shi ma daga CG14, ƙwayoyin gado biyu ne maƙwabta masu adawa da juna, TT3.2 in ya taru a koren sashen ganye inda ake haɗa abinci ɓarna yake yi, TT3.1 kuma shi ke jin zafin ya tare shi a hanya ya tura shi a narkar. TT2 kuwa harkar kaki ce, wannan ɗan santsin da ke kan ganye, a tsiro na yau da kullum zafi na sa kakin ya ragu, amma in TT2 a mace yake sai kakin ya zauna. Abin dariyar shi ne TT2 ba baƙo bane, shi ne GS3 da aka daɗe da sani a matsayin mai hana ƙwaya tsawo, kuma shinkafa mai doguwar ƙwaya da yawa tuni mataccensa suke ɗauke dashi, don haka kafin ka rubuta takardar neman kuɗin bincike akan TT2 ka fara duba irinka, wataƙila abin da kake nema yana aljihunka.

Gaskiya ilimin da ke cikin TT ya fi na su qHTSF4.1 zurfi nesa ba kusa ba, an san ƙwayar gadon kanta, an san furotin ɗin, an san me yake taɓawa, shi kuwa qHTSF4.1 yanki ne kawai aka killace. Amma zurfin ilimi daban, buhu daban. Mafi yawan gwajin TT an yi shi ne a cikin shinkafar japonica ta Sin mai saurin jin zafi, irin wadda ko ɗan taimako ka bata zai fito ɓaro ɓaro, in ka kai shi cikin indica, ɗaya babban reshen shinkafar Asiya, da dama ta saba da ƙasa mai zafi ba lallai ka ga tazara irin wannan ba, kuma sai ka gwada zaka sani. Sannan in daga glaberrima kai tsaye zaka ɗauko, ka shirya wa rashin haihuwar 'ya'yan farko, don tsakaninta da shinkafar Asiya akwai shinge, babbansa S1 a kuromosom na 6, shi ya sa ya fi sauƙi ka nemi layin da wani ya riga ya tsallakar. Wani abin lura kuma TT1 da TT2 da TT3 da qEMF3 duk a kuromosom na 3 suke zaune, in kana son tara su daga iyaye daban daban sai ka shuka tsirrai da yawa kafin ka dace da wanda ya haɗa.

Inda TT ke da riba ta musamman shi ne wajen mai kayan aikin CRISPR, wato fasahar da ke yanka ƙwayar gado kamar almakashi. TT2 da TT3.2 irin waɗanda kashe su ake so ne, kashe ƙwayar gado kuwa shi ne mafi sauƙin aiki da wannan almakashin, cikin irin da kake so kai tsaye ba tare da jan tarkacen kowa ba. TT1 da TT3.1 kuma ƙara musu ƙarfi ake so, ko dai ka shigo da samfurin CG14 ta hanyar aure ko ka shiga harkar dashen ƙwayar gado, wadda dokarta ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma takan ci shekaru. N22 da qEMF3 basu da wannan ciwon kan, auren iri ne zalla.

Duk abin da na faɗa zuwa nan maganar ƙwaya ta yi ido ne ko kar ta yi. Akwai ɓarna ta biyu da ke zuwa bayan nan a hankali ba hayaniya. Ɗauki ƙwayar shinkafa da aka cashe ka ɗaga ta saitin haske, lafiyayya zaka ga haske na ratsa ta kamar gilashi, wadda zafi ya taɓa lokacin zuba ido kuwa zaka ga wani fari kamar alli a cikinta ko a bayanta, sitacin bai cika ya matse ba, akwai iska a tsakani, tana shiga injin casa ta karye. Masana na kiran wani nau'insa farin ciki, amma wannan farin cikin ba na murna bane. A Japan an lura in matsakaicin zafi na kwana 20 bayan fitar zangarniya ya wuce digiri 26 zuwa 27 abin ke tashi, kuma a 2023 a lardin Niigata shahararriyar shinkafar nan Koshihikari da ta samu daraja ta ɗaya bata kai kashi 10 ba, ita kuwa Shinnosuke da aka ƙirƙira don zafi ta haura 90, ko da yake ita tana da wata dabarar, bata fitar da kai da wuri. Maganin wannan ciwon ba N22 bane ba sammako bane. Japanawa na da Apq1 a kuromosom na 7, daga wata indica mai suna Habataki, lardin Toyama ya sa shi a jinin Koshihikari ya fitar da Fufufu a kasuwa a 2018. Sai kuma QT12 da ƙungiyar Li Yibo ta jami'ar aikin gona ta Huazhong a Wuhan ta fitar a 2025 bayan tace iri sama da 500, shi kuma in zafi ya kunna shi yake rikita ma'aunin sitaci da furotin a cikin ƙwaya, irin da nasu ke zama a kashe su ne masu juriya, kuma abin da ya burge ni dashi a fili aka gano shi aka kuma gwada shi, a Wuhan da Hangzhou da Changsha cikin zafin 2024, ba a cikin akwati ba. Sabo ne dai, bai zaga duniya ba tukuna.

Zafin dare kuwa, nan ne kowa ke yin shiru. Shaobing Peng da abokansa a 2004 suka duba bayanan gonar IRRI, daga 1979 zuwa 2003 zafin dare ya hau da digiri 1.13 na rana kuma 0.35 kawai, kuma duk digiri ɗaya da dare ya ƙara amfanin noman rani na raguwa da kashi 10. Tsiron na ƙona abincin da ya tara da rana wajen numfashin dare. Cikin duk waɗanda na lissafo babu wanda zan ce maka an ƙera shi don wannan.

Mutane na son a samu ƙwayar gado kamar SUB1A, wadda aka ciro daga shinkafar FR13A aka sa wa wata mai suna Swarna aka saki a Indiya a 2009, ƙwayar gado ɗaya ta sa shinkafa ta yi sati biyu a ƙarƙashin ruwa ta tashi. Zafi bai bada wannan fuskar ba. Don haka in ni ne da iri ɗaya mai kyau da kuɗin aikin shekara huɗu, kuma matsalata ƙwaya fanko ce a wuri mai laima inda safiya ke da ɗan sanyi, qEMF3 zan fara ɗauka, don arhar gwaji da kuma girman abin da awa biyu ke saye. In safiyar ma wuta ce, ko ruwa na yawan yankewa, ko zafin na kama ta tun tana da ciki, sai in koma gidan N22, kuma ba qHTSF4.1 kaɗai zan tsaya a kai ba, zan bar ƙofa a buɗe in zaɓi layi da abin da idona ya gani a fili. In da hali a haɗa biyun ya fi, kuma ba mafarki bane, Changrong Ye da abokansa sun tara su a IR64 sun fitar da sakamakon a 2022, ranar da sammako ya kuɓuce taurin kai ya tare. In kuwa zangarniya na sunkuyawa lafiya amma mai injin casa ne ke kuka da karyayya, to duk waɗannan ɓata lokaci ne, Apq1 da QT12 zaka nema. Su TT zan ajiye su a matsayin ƙari, sai dai in ina da ɗakin CRISPR da dokar da ta yarda, a nan kam TT3.2 zan fara taɓawa.

Kafin duk wannan dai, 'yar na'urar nan mai rubuta zafi da laima duk awa, a ɗaure ta a sanda daidai tsayin zangarniya ba a inuwar ofis ba, ta kwana a gona tun daga ciki har girbi, kaka biyu in zai yiwu. Sai ka buɗe bayanan ka duba layi uku, ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 11, da ƙarfe 4 na asuba.